Malamin Bahaushe a Ƙasar Kurdawa: Iƙama, Aji, Masallaci da Siyasar Gida

Wanda ya samu aikin koyarwa a yankin Kurdistan na Iraƙi, abin da zai fara sani shi ne ƙasar ɗaya ce a taswira, amma ƙofarta biyu. Yankin, mai biranen Arbil da Sulaimaniyya da Duhok, yana da majalisarsa da gwamnatinsa tun 1992, kundin tsarin mulkin Iraƙi na 2005 kuma ya amince da haka. Bizar da gwamnatin yankin ta bayar a cikin yankin kaɗai take aiki. Wanda ya ɗauka da ita zai hau mota ya je ziyarar Shehu Abdulƙadir Jilani a Bagadaza, a shingen bincike za a juyo da shi. Wannan tafiyar bizar gwamnatin tarayya take buƙata.

Aikin takardu a Abuja yake farawa, kuma da jerinsa: takardar digiri da ta sakamakon jarrabawa su fara zuwa Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, daga nan Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin Iraƙi. Kowane ofishi sa hannun na gabansa yake tabbatarwa, shi ya sa wanda ya tsallake ɗaya sai ya dawo baya. Abin da ya fi ɓata wa mutanenmu lokaci shi ne suna: Muhammad a fasfo, Mohammed a digiri, Muh'd a takardar sakandare. A yi rantsuwar kotu a daidaita tun a gida. Fasfo kuma a sabunta shi in ya kusa ƙarewa, don Najeriya ba ta da ƙaramin ofishin jakadanci a Arbil.

Makarantar da ta ɗauke ka ita ce kafilinka. Ita za ta nemo biza, in ka sauka ta kai ka gwajin jini, ta gabatar da kai ga Asayish, wato jami'an tsaron cikin gida, sannan a fitar da katin iƙama, galibi na shekara ɗaya. Kowace ranar da ta wuce bayan ƙarewar biza ko iƙama tara ce, kuma sunanka ne a kan tarar ko da sakacin makaranta ne. Ana gamawa ka karɓi fasfonka. Duk wanda ya ce zai ajiye maka shi a ofis, ka ce ka gode. Dillalin da ya ce ka shigo da bizar yawon buɗe ido a gyara daga baya, ka guje shi: ta irin wannan hanyar aka yi safarar 'yan mata da dama daga Najeriya zuwa aikatau a Iraƙi.

Baƙo ya fi samun gurbi a makarantu da jami'o'i masu zaman kansu, inda ake koyarwa da Turanci, musamman lissafi da kimiyya da harshen kansa. Na gwamnati sun sha fama da jinkirin albashi tun 2014, lokacin da rikicin man fetur da kasafin kuɗi ya ɓarke tsakanin Arbil da Bagadaza, har malamai a Sulaimaniyya suka yi yajin aiki na watanni. Kafin sa hannu a yarjejeniya a duba abu huɗu da kyau: albashin da dala ne ko da dinari, na wata 10 ne ko 12, wa zai biya gida, wa zai biya tikitin komawa. Na farkon ya fi muhimmanci, saboda farashin hukuma kusan dinari 1,310 ne a dala ɗaya tun 2023, na kasuwa kuwa ya fi haka, kuma masu gidaje da dala suke yanka haya. In aka ce maka "waraƙa huɗu", dala 400 ake nufi; "daftar" dala 10,000 ce. Takardar dala mai tsaga ko tabo, 'yan canji sukan ƙi ta ko su rage mata daraja.

Wutar lantarki sai Bakano ya ji kamar bai bar gida ba, da ɗan bambanci. A unguwannin da shirin wuta na awa 24 mai suna Runaki bai kai ba, layi biyu ne: na gwamnati da na janaretan unguwa, wanda ake saye da amfiya a biya duk wata. Amfiya ɗaya kusan wat 220 ce. Biyar za su ɗauki fitilu da fanka da firiji, amma na'urar sanyaya ɗaki ko ta dafa ruwan wanka kowace kan ci bakwai zuwa goma, kana kunnawa makunnin ya faɗi. Zafin Yuli a Arbil yakan haura digiri 45, wanda ya san Maiduguri ba zai firgita ba. Sanyin Janairu ne baƙon abu, ga ruwan sama, ga ƙanƙara a kan duwatsu. Ana ɗumama ɗaki da murhun kananzir da suke kira sopa. Kada a kwana da shi a kunne taga a rufe. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.

A aji, kuskuren farko na wanda ya yi karatun Larabci shi ne zaton Larabcin zai buɗe masa ƙofa. Yaran da aka haifa bayan 1991 da Kurdanci suka yi karatu, da yawansu Turancinsu ya fi Larabcinsu, wasu kuma ba sa son a fara musu da shi ko sun iya. Arbil da Sulaimaniyya Sorani suke yi, Duhok kuma Badini. Kalmomi kaɗan sun isa a fara: "choni" gaisuwa ce, "supas" godiya, namiji a sa masa "kak" kafin sunansa, mace a sa mata "khan" bayan nata. Kai kuma sunanka ya koma "mamosta", kalmar da ake kiran malamin makaranta da limami da ita, kamar dai "malam" a wurinmu. Darajarta babba ce. Baƙin mutum a titi akan ɗauka lebura ne, a yi ta kallo, yara su nemi hoto, amma da zarar an ji mamosta ne sai ka ga an gyara tsayuwa.

Maki shi ne inda ake gwada malami. Sakamakon jarrabawar aji 12 ne ke yanke wa yaro fannin da zai karanta a jami'a, don haka iyaye ba sa wasa da ko rabin maki, kuma roƙon alfarma yakan zo da shayi da fara'a, wani lokaci ta bakin shugaban makaranta. Maganinsa rubutu ne: a raba wa ɗalibai tsarin rabon maki a makon farko, a ajiye kowace takardar amsa har ƙarshen shekara. Mako daga Lahadi yake zuwa Alhamis. Watan Maris kuwa kada a ɗora masa darasi mai nauyi, don cike yake da ranaku: 5 ga wata tunawa da boren da Kurdawa suka yi wa Saddam a 1991, 16 ga wata tunawa da harin iskar guba a garin Halabja, 21 ga wata Nawroz, sabuwar shekarar Kurdawa, da hutunsa.

Masallaci zai ɗan ba Bamalike mamaki a makon farko. Yawancin Kurdawa Ahlussunna ne a mazhabar Shafi'i. Liman zai bayyana Bismillah kafin Fatiha, masallaci ya ɗauki Amin da ƙarfi, ƙunutin Asuba a yi shi bayan ruku'u, a bayyane, hannuwa a sama. Taɓa fatar macen da ba muharrama ba yana warware alwala a wurinsu, har da matar mutum. Wanda ya saki hannu a salla akan yi masa zaton Shi'a, sai ya yi bayani. Bayanin ma da daɗi, don Ibnul Hajib, wanda Shehu Khalil ya yi wa littafinsa sharhi kafin ya rubuta Mukhtasar ɗin da ake karantawa a zaurukanmu, asalinsa Bakurde ne. Ɗan Ƙadiriyya zai tarar da 'yan'uwa, ga kuma Naƙshabandiyya da ta yi ƙarfi a nan. Sai dai ajin ba na Musulmi kaɗai ba ne: akwai Kiristocin Ankawa da ke gefen Arbil, akwai Yazidawa waɗanda Da'ish ta yi wa kisan kiyashi a Sinjar a Agustan 2014. Ba a tambayar yaro addininsa.

Ga inda mai kishin addini daga Arewa yake yawan yin tuntuɓe. A gida mun saba addini da siyasa tafiyarsu ɗaya: malami ya hau mumbari ya ce ga wanda za a zaɓa, a yi ta muhawara kan tikitin Musulmi da Musulmi kamar a 2023. Sai mutum ya zo nan da kyakkyawar niyya ya ce wa Bakurde ai duk al'umma ɗaya ce, me ya kawo zancen ƙabila. Wanda yake faɗa wa haka, wataƙila kakansa na cikin dubban da aka hallaka a 1988 a farmakin da gwamnatin Saddam ta raɗa wa sunan surar Alƙur'ani, Anfal. A Halabja kaɗai iskar guba ta kashe kimanin mutum 5,000 a rana ɗaya. Mutanen da aka yi wa haka da sunan sura ba sa karɓar taken addini daga bakin ɗan siyasa ba tare da sun juya shi ba, alhali masallatansu cike suke ranar Juma'a.

Jam'iyyun Musulunci halal ne a yankin, akwai Yekgirtu da Komal, sun ci kujeru a majalisa, amma mulki na hannun KDP ta gidan Barzani a Arbil da Duhok, da PUK ta gidan Talabani a Sulaimaniyya, waɗanda suka gwabza yaƙi da juna a tsakiyar shekarun 1990. Baƙo ba shi da rabo a wannan. Limamai ƙarƙashin ma'aikatar awƙafi suke, kuma tun zamanin ƙungiyar Ansarul Islam mai ɗauke da makamai a duwatsun Halabja, Asayish ba ta sakaci da baƙon da ya fara tara mutane karatu a gida ko karɓar kuɗin taimako ba da izini ba. Akwai kuma doka ta 6 ta 2008 kan amfani da na'urorin sadarwa ba daidai ba, wadda aka sha kama masu rubutu a Facebook da ita. Ga mai iƙama, hukuncin mafi sauƙi shi ne a ƙi sabunta katin.

To siyasar gida fa? Doka ta rage hanyoyin fiye da yadda masu zazzafar muhawara a WhatsApp suke zato. Ɗan Najeriya ba ya jefa ƙuri'a daga waje, saɓanin Nijar da ta ware wa 'yan ƙasarta na waje kujeru a majalisa kafin juyin mulkin 2023. Sashe na 225 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana jam'iyya riƙe kuɗin da aka aiko mata daga waje, dole ta miƙa wa INEC cikin kwana 21, don haka karo-karon da ake yi wa jam'iyya daga ƙetare matsala yake jawo mata. Sashe na 222 ya hana jam'iyya ɗaukar suna ko tambarin addini, dokar zaɓe kuma ta hana yaƙin neman zaɓe a wuraren ibada. Abin da ya rage wa mai son yi don Allah ba shi da armashi a ido, amma ya fi amfani: ya matsa wa ƙannensa su yi rajista su karɓi katin zaɓe, ya bi sakamakon rumfar unguwarsu a shafin IReV na INEC, ya tantance bidiyon wa'azi kafin ya tura, ya sa kuɗinsa a makarantar Islamiyya ko rijiya ta hannun wanda zai kawo rasit. Agogon Arbil yana gaban na Kano da awa biyu, taron intanet na ƙarfe tara na dare a gida sha ɗaya ne a nan, ga aji da sassafe.

Mai niyyar zuwa gida ya yi zaɓe da kansa ya nemi izinin makaranta a rubuce tun farkon zango, don a 2019 da 2023 zaɓen a Fabrairu da Maris ya faɗo, tsakiyar karatu. Babu jirgi kai tsaye, sai ta birane irin su Istanbul ko Doha. Ya tabbata iƙamarsa ba za ta ƙare yana gida ba, ya kuma sayi tikitin da ake iya canja wa rana: a 2019 an ɗage zaɓen shugaban ƙasa daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu ana saura 'yan awoyi a buɗe rumfuna, a 2023 kuma na gwamnoni ya tashi daga 11 zuwa 18 ga Maris.