Wayar Linux a Aljihu: Abin Dubawa Kafin Ka Goge Android

Kuskuren da aka fi yi wajen maye gurbin Android da Linux, wata babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, shi ne a zaɓi manhaja kafin a zaɓi waya. Ubuntu Touch, wanda ƙungiyar UBports ke kula da shi tun da kamfanin Canonical da ya ƙirƙiro shi ya janye hannu a 2017, da postmarketOS da aka gina a kan Alpine Linux, nau'o'in Linux ne na waya, kuma kowanne yana da jerin wayoyin da yake hawa. Tecno da Infinix da itel da suka cika kasuwanninmu galibi ba sa ciki. Wayoyin da aka fi ƙwarewa a kansu su ne irin Pixel 3a da Fairphone 4 wajen Ubuntu Touch, sai OnePlus 6 wajen postmarketOS.

A ɗauki Pixel 3a. Dole a fara mayar da ita kan Android 9, domin Ubuntu Touch yana aron direbobin Android ne, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa sassan waya, ta hanyar wata gada mai suna Halium, kuma sai sigar Android ɗin ta yi daidai. Idan aka tsallake wannan, waya na iya maƙalewa a tambarin Google, ko ta tashi amma wasu sassanta su ƙi aiki. Amma kafin a iya mayar da ita sai an buɗe bootloader, wato manhajar da ke fara tayar da waya: a shiga saiti, a taɓa Build number sau 7, a kunna OEM unlocking da USB debugging. Buɗe bootloader yana share komai, har hotuna, don haka a kwashe su tukuna. Sai a haɗa wayar da kwamfuta, manhajar UBports Installer ta ƙarasa aikin. A nemi kebul mai kyau, mai araha kan yanke a tsakiyar zubi. Mai sayen ta hannu kuma ya kula: wadda ta fito daga kamfanin sadarwa na Verizon na Amurka ba ta buɗuwa sam.

Kira da saƙo da burauza suna tafiya. Inda gizo ke saƙa shi ne WhatsApp da banki. WhatsApp ba shi da manhajar Linux ta waya. Ko dai a yi amfani da na burauza, wanda ke buƙatar wata wayar da ke riƙe da asusun, ko a saka Waydroid, wato Android cikakke da ke gudana a cikin Linux. Waydroid yana aiki, sai dai yana shan batir, kuma da zarar an rufe shi saƙo ya daina shigowa. Manhajojin banki da yawa suna bincikar ko Google ya amince da wayar, su ga bootloader a buɗe, su ƙi tashi. Mafita ita ce lambobin USSD, amma a gwada su da layinka ranar farko, kafin ka tsaya gaban mai shago kana son tura kuɗi.

PinePhone fa, wayar da aka ƙera don Linux? Tana da kyau ga mai koyo: a ƙarƙashin murfinta akwai ƙananan makunnai 6, ciki har da na kashe modem (sashen da ke kama layin waya), Wi-Fi, makirufo da kyamara. Amma processor ɗin Allwinner A64, ƙwaƙwalwar da ke cikinta, ba shi da ƙarfi, ba zan ba ɗan kasuwa shawarar dogaro da ita ba.

Ka bar tsohuwar wayarka a kunne na mako 2. A cikin kwanakin nan ka sa a kira ka a wayar Linux ɗin bayan allo ya daɗe a kashe, ka saurari ƙararrawar asuba, ka duba ko ana jin muryarka sosai ta Bluetooth.