Daga Jos zuwa ga matasanmu na Maradi masu neman karatun Littafi Mai Tsarki

Ƴan'uwa, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina gaida iyayenmu fastoci da dattawan ikkilisiya, daga Maradi har Tsibiri da Danja.

Ƙannena da suka ci BAC suna ta tambayata ta WhatsApp wace makaranta za su nema. Amsata ɗaya ce: ka fara sanin inda za ka yi hidima idan ka gama, da harshen da za ka yi ta, sa'annan ka zaɓi makaranta.

Nan Jos akwai JETS, makarantar tauhidi ta ikkilisiyar ECWA ta Najeriya da aka buɗe a 1980. Ɗan EERN, ikkilisiyar bishara ta Nijar, ba zai ji baƙunta ba, tun da ikkilisiyoyin biyu daga aikin ƙungiyar mishan ta SIM suka fito. A Bukuru kuma, kusa da Jos, akwai kwalejin tauhidi ta TCNN tun ta 1959, inda ɗariku da yawa suka haɗa hannu. Hanya ba ta da wuya: Ɗan Issa, Jibiya, Katsina, Kano, sai Jos. A kasuwa Hausarka ta ishe ka. Amma a aji Turancin Ingilishi ne zalla, mu kuwa da Faransanci muka tashi. Ga Helenanci da Ibrananci da za ka koya ta bakin harshen da kai ma ba ka gama kama shi ba. Na ga masu ƙwaƙwalwa sun yi shekarar farko suna fama da ƙamus maimakon Nassi. Wanda ya nufo nan, ya fara gyara Ingilishinsa tun yana gida.

Mai son ci gaba da Faransanci yana da makarantun tauhidi na FATEB a Bangi ta Afirka ta Tsakiya, wadda ta fara a 1977, da FATEAC a Abijan. Kuɗin hanya da na zama sun fi yawa, gaskiya, musamman ga mai iyali.

Batun takardar shaida kuma kada a yi wasa da shi. Tambayi makarantar kai tsaye: ACTEA, ƙungiyar da ke tantance makarantun tauhidi a Afirka, ta tantance ku? Idan kana da niyyar koyarwa ko neman aikin gwamnati a Nijar, bincika ko CAMES, hukumar da ke tantance digirori a ƙasashen Afirka masu Faransanci, ta san digirin, ko kuma makarantar tana haɗe da wata jami'a. Waɗannan da ke talla a Facebook, wai dakta cikin wata shida ba tare da ka buɗe littafi ba, kuɗinka kawai suke so.

Abin da ya fi damuna shi ne masu tafiya ba da sanin ikkilisiyarsu ba. Makarantun kirki sukan nemi wasiƙar fastonka, kuma da dalili. Wanda ikkilisiya ta aika, ita ke tallafa masa, ita ke jiransa da aiki. Wanda ya aiki kansa yakan dawo da digiri ya rasa bagaden da zai tsaya.

Kada kuma ku raina makarantar Baibul ta Hausa irin ta Agye. Fastocin da suka riƙe ƙauyukanmu a irinta suka yi karatu, suna noma suna wa'azi. In ka dawo, tsohuwar da ke zaune a kan tabarma ranar Lahadi da Hausa za ta saurare ka. Saboda haka ko ina ka je, ka tafi da Littafinka na Hausa, ka riƙa neman majami'ar da za a ba ka wa'azi da shi lokacin hutu.

A gaida gida duka. A sa mu cikin addu'a, jarrabawa ta kusa.

Ɗan'uwanku a Jos