Aldabra, tsibirin da kunkuru ke mulki

Daga Mahé, babban tsibirin ƙasar Seshels, zuwa Aldabra akwai tafiyar sama da kilomita 1,000 a tekun Indiya. Madagaska ma ta fi kusa da shi. Ƙaramin jirgin sama ya sauke mu a tsibirin Assumption, daga nan kuma sai jirgin ruwa, domin Aldabra ba shi da filin jirgi, ba otal, ba gari. 'Yan tsirarun ma'aikatan bincike da masu gadin daji ne kawai ke zama a wani lungu na Picard, ɗaya daga cikin tsibiran Aldabra.

Kafin mu taka ƙasa sai da aka yi mana binciken da ko a filin jirgi ban taɓa gani ba. Wani jami'i mai ɗaure fuska ya zazzage jakata, ya juya aljihun wanduna, ya ɗauki tsinke yana saƙace ƙasan takalmina. Na gaishe shi, ko ɗago kai bai yi ba. Abin da yake nema shi ne irin ciyawa, ƙwari ko tururuwa, kada baƙo ya shigo da abin da zai addabi tsibirin. Dalilin na da ƙarfi, amma amsa gaisuwa ai ba ta hana aiki. Ga kuɗin shiga kuma, sama da dala 200 kowace rana a kan mutum ɗaya, ban da jirgi da abinci. A ganina ya yi tsada matuƙa, ko da yake tsadar na cikin abin da ke rage cunkoso.

Wanda ya zo da tunanin aljannar duniya zai sha mamaki. Aldabra zobe ne na dutsen murjani da ya ɗago daga teku, manyan tsibirai 4 kewaye da wani ƙaton tafki, tsawonsa kusan kilomita 34. Yawancin ƙasar ba ta wuce mita 8 sama da ruwa ba. Dutsen kuwa ruwan sama ya cinye shi, ya bar ramuka da kaifi kamar aska. In ka faɗi, sai jini. Babu kogi, babu rafi. Ruwan sama ake tarawa. Damina takan zo daga Nuwamba zuwa Afrilu, sauran watannin kuma iskar kudu maso gabas ce ke kaɗawa, komai ya bushe, ƙaya ta fito fili.

Sai kunkuru. A gida yaro ke ɗaukar kunkuru da hannu ɗaya. A nan namiji kan kai kilo 250, kuma an ƙiyasta sun kai 100,000, kusan yawan mutanen ƙasar baki ɗaya. Da sassafe suke kiwo, sun aske ciyawa har ƙasa. Rana na ɗagawa sai ka ga suna rige-rigen inuwa, ana ture-ture, wani a kan wani, domin wanda rana ta ritsa da shi a fili zafi na iya kashe shi. Na tsaya na ga ɗaya ya tura kai cikin ɗan ramin dutse yana zuƙar ruwa ta hanci! Ba su san tsoron mutum ba. Haka wata tsuntsuwa mai farin wuya, mai kama da kazar ruwa, wadda ta daina tashi sama gaba ɗaya. Ita ce ta rage cikin tsuntsaye marasa tashi na tsibiran tekun Indiya. Har igiyar takalmina ta zo tana tsattsaga.

Wani dattijo mai tuƙin kwale-kwale ne ya wanke mini haushin jami'in nan. Ya gasa kifi, ya haɗa da shinkafa da barkono, ya ƙi karɓar ko sisi. Shi ya shiga da mu tafkin, yana duba agogo, domin sau biyu a rana teku kan cika shi ta janye, ruwan na gudu ta mashigai kamar ambaliya. "Ɗana, in muka makara, a kan taɓo za mu yini," in ji shi. Na ce, "Baba, to a juya mana." Ya yi dariya. Ƙananan kifayen shak na ta zagaya mu a ruwan da bai kai gwiwa ba.

A shekarun 1960 Birtaniya ta so kafa sansanin soja a nan, masana kimiyya suka yi ca, aka fasa a 1967. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1982. Amma shara ba ta neman izinin shiga: gaɓar kudu cike take da robobi da tsummokaran raga da teku ta kwaso. A 2019 an kwashe tan 25, ciki har da silifa kusan 60,000.

Dawowa ba labari. Teku ta yi fushi, rabinmu na amai har Assumption. A Mahé na fara neman sabon takalmi, don dutsen ya yayyanka tsohon.