Tsofaffin Kaset ɗin Gem da Littafin da Nake Rubuta Asalinsu

A wata ranar kasuwa a Jega, a layin masu sayar da tsofaffin kayan wuta, na tarar da wani yaro mai sana'ar jari-bola ya ɗora wata baƙar na'ura a kan dutse, ya ɗaga guduma zai fasa ta domin ya cire 'yar tagullar da ke cikinta. Tun daga nesa na gane ta, saboda da'irar da ke samanta da kuma rubutun 16-BIT mai ruwan zinare: Sega Mega Drive ce, samfurin farko. Na ce masa, "Samari, dakata. Nawa za ka samu idan ka fasa ta?" Ya faɗi abin da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Na ninka masa, ya miƙo mini ita tare da kaset 2 da ya tsinto a buhu ɗaya da ita. Daga wannan rana na shiga harkar tara tsofaffin wasannin bidiyo, waɗanda mu a nan muke kira gem, kuma har yau wannan na'ura ce lamba ta 1 a littafina.

Mu da muka taso a Birnin Kebbi a ƙarshen shekarun 1990 mun san shagon gem tun kafin mu san kwamfuta. Ɗan ɗaki ne mai labule a ƙofa, da benci, da akwatin talabijin ɗaya ko biyu, janareto yana ruri a waje; ka biya 'yan canjinka a ba ka hannu, wanda aka ci ya tashi ya ba na bayansa wuri. Sai da na girma na fahimci cewa yawancin na'urorin da muka fara taɓawa ba daga kamfanin Nintendo suka fito ba. Kamfanin ya fitar da na'urarsa ta Famicom a Japan a 1983, ya kai ta Amurka da sunan NES a 1985, shekarar da Super Mario Bros. ya fito, amma abin da ya iso gare mu kwaikwayonta ne da masana'antun Taiwan da Sin suka ƙera, tare da kaset mai ruwan ɗorawa da aka rubuta wa 9999999 in 1, wanda idan mutum ya bi jerin sunayensa a tsanake zai tarar 'yan wasanni kaɗan ne ake ta maimaitawa, ana sauya musu launi ko matakin farawa. A cikin irin wannan kaset muka san Mario da Contra da wasan tankar yaƙi da harbin agwagwa. Daga baya Sega ta shigo da Sonic da Mortal Kombat, sannan PlayStation ta zo da Winning Eleven, wasan ƙwallon da ya shafe sauran gaba ɗaya.

Kayan da na tara sun nuna mini hanyoyin fataucin yankinmu fiye da yadda na zata. Wasu sun biyo ta kasuwar Alaba a Legas, wasu ta Kano, amma da yawa kayan Beljiyam ne da aka sauke a tashar ruwan Kwatano, suka haura ta Malanbil, suka tsallaka Gaya ta Nijar, suka shigo mana ta Kamba. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a buɗe kwalin wasa a Birnin Kebbi a tarar da takardar bayaninsa da Faransanci, ko a samu na'urar da wayarta take da kai mai faɗi irin na SCART, wanda akwatunan talabijin da yawa a gidajenmu ba su da ramin karɓarsa. Sanin inda na'ura ta fito yana da muhimmanci, domin a zamanin waɗannan na'urori Najeriya da yawancin ƙasashen Turai suna kan tsarin talabijin na PAL, mai sauya hoto sau 50 a daƙiƙa, alhali Amurka da Japan suna kan NTSC, mai sauyawa sau 60. Saboda haka Sonic na 1991 a kan na'urar Turai yana tafiya da jinkirin kusan kashi 17 cikin 100, har da kiɗansa. Ranar da na fara kunna shi a kan na'urar Amurka, wadda a can ake kira Genesis, sai na ji kamar ana korar kiɗan da bulala, domin kunnena da na jinkirin ya saba tun ina yaro.

Tara kaya ba shi da wuya ga mai haƙurin yawon kasuwa. Rubuta su ne aikin, kuma a ganina shi ne ya raba mai adana tarihi da mai tara tarkace. Ina da babban littafi mai bangon kwali, irin wanda 'yan kasuwa suke rubuta bashi a ciki, na ja masa layuka. Kowane abu da ya shigo sai na ba shi lamba, na manna ta a bayansa da 'yar takarda, sannan na rubuta sunansa, da kamfanin da ya yi shi, da shekarar fitowarsa, da yankin da aka yi shi dominsa, da ko na asali ne ko kwaikwayo, da halin da na same shi, da abin da na biya ko na bayar a madadinsa. Kayan PlayStation sun fi sauƙin rubutawa, domin suna ɗauke da shaidarsu a jikinsu: faifan da lambarsa ta fara da SLES na Turai ne, SLUS na Amurka, SLPS kuma na Japan, haka nan lambar da ke ƙarƙashin na'urar, kamar SCPH-7502, idan ta ƙare da 2 ta Turai ce, da 1 ta Amurka, da 0 ta Japan. Ina kwafe duk wannan a jadawalin kwamfuta saboda saurin bincike idan ina kasuwa, amma littafin takarda shi ne uwa.

Layi na ƙarshe a kowane shafi shi ne na fi ba wa muhimmanci, kuma na sa masa suna "daga hannun wa". A nan nake rubuta garin da abin ya fito, da shagon da ya yi aiki a ciki, da abin da mai shi ya gaya mini a kansa. Na koyi wannan ne daga ziyarar gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, inda na lura cewa tsohon takobi ko tambari ba ya yi wa baƙo magana sai an gaya masa na wane ne da abin da aka yi da shi.

A nan ne na sha bamban da masu wannan harka a Turai da Amurka. Su abin da suka fi daraja shi ne kaset ɗin da ba a taɓa buɗe ledarsa ba. A watan Yulin 2021 an yi gwanjon Super Mario 64 guda ɗaya a rufe a kan dala miliyan 1.56. Ban ga laifin wanda ya kashe kuɗinsa a kan haka ba, amma kaset ɗin da ba wanda ya taɓa sa shi a na'ura ba shi da abin da zai gaya mini. Idan na bi ma'auninsu, sama da rabin abin da ke akwatunana shara ne, tunda kwaikwayo ne, ga sunayen yara da aka rubuta da biro a jiki, ga takardar gaba ta koɗe. Ina iya bambance na asali da na jabu, kuma ina rubutawa ba tare da ɓoyewa ba: ka auna nauyinsa a tafin hannu, ka duba ingancin bugun hoton, idan ka buɗe ka ga wani baƙin ɗigo kamar kwalta a kan allon cikin maimakon ƙananan ƙwaƙwalwan na'ura masu ƙafafu, to galibi kwaikwayo ne, haka kuma faifan PlayStation ta farko na asali bayansa baƙi ne. Sai dai wannan bambancewa bayani ne kawai, ba hukunci ba. Kwaikwayon shi ne abin da 'ya'yan talakawan Kebbi suka yi wasa da shi, kuma idan mu ba mu adana shi ba, babu wani ɗan gwanjo a waje da zai damu da shi.

Labarin waɗannan miliyoyi ya shigo cinikinmu ta wayar hannu. Na taɓa zuwa Kamba wurin wani dattijo da aka ce mini ya daɗe yana riƙe da shagon gem kafin ya koma noman shinkafa. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, an ce mini kayan shagonka suna nan ba ka zubar ba." Ya aiki ɗansa ya jawo wani buhu daga bayan buhunan shanshera, aka zazzage a kan tabarma: Mega Drive guda 2, da hannuwa da aka ɗaure wayoyinsu da salatif, da kaset kusan 20. Kafin in taya, ɗan ya duba wayarsa ya faɗi farashi da dala. Ban yi musu da shi ba. Na ɗauki kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya na raba su gida biyu, na nuna musu 3 da suke na asali, na gaya musu gaskiyar abin da za su iya samu a kansu idan suka kai Legas, domin ban yarda in saya a hannun mutumin da bai san abin da yake sayarwa ba. Dattijon ya yi shiru, sannan ya ɗauki ɗaya daga cikin na'urorin ya shafa bakinta, inda aka goge gefe da gefe da magagari. Ya ce, "Ɗana, wani mai gyaran rediyo ne ya faɗaɗa mini nan, saboda kaset ɗin Japan ba ya shiga. Da kuɗin wannan baƙar na yi wa ɗakin nan rufin kwano." Ɗan gwanjon waje zai kira wannan gugar lahani ya rage mata kuɗi, ni kuwa sai da na cika rabin shafi a kanta. A ƙarshe bai karɓi kuɗi ba. Ba ni gishiri in ba ka manda muka yi, na kawo masa fanka mai caji da fitila mai aiki da hasken rana, ya ce ya sallama.

Tsakaninmu masu tarawa ma musaya ta fi saye yawa. Mu 'yan kaɗan ne, a Birnin Kebbi da Sakkwato da Gusau, kuma muna tura wa juna hoton shafin littafi ta WhatsApp, mai kaset biyu iri ɗaya ya ba da guda ya karɓi abin da ya rasa.

Adana waɗannan kaya a ƙasarmu yaƙi ne da yanayi. Zafin bazara, wanda yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana lanƙwasa faifai idan aka bar shi kusa da rufin kwano, ƙurar hunturu tana cika bakin kaset, gara kuwa ta cinye mini kwalaye da dama kafin in koma ajiya a akwatunan ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana, in ɗora su a kan bulo. Kwalayen Nintendo na takarda ne, shi ya sa da wuya a same su a nan, alhali na Sega na roba ne, sun fi jurewa. Hura iska da baki a cikin kaset, wanda dukkanmu muka yi muna yara, yana shigar da danshi ne ya sa haƙoran tagullar su yi tsatsa. Abin da ya dace shi ne a goge su da auduga da sinadarin isopropyl da masu gyaran waya suke amfani da shi. Wasu kaset ɗin suna da ɗan batiri mai kama da kwabo a ciki, yawanci CR2032, wanda shi ke riƙe inda ɗan wasa ya tsaya, kuma idan ya mutu duk abin da aka ajiye ya tafi. Wuta ma sai an yi hattara: adaftar Japan ta bolt 100 ce, ta Amurka 120, tamu kuwa 230, kuma na taɓa ƙona ta Super Famicom, wata na'urar Nintendo ta Japan, saboda na jona ta kai tsaye ba tare da transifomar rage wuta ba. Tun daga ranar nake rubuta adadin wutar da jan biro a jikin kowace adafta.

Har ila yau ina riƙe da tsofaffin akwatunan talabijin masu doro guda 2, domin bindigar harbin agwagwa ba ta aiki da sababbin talabijin na bango. Idan aka ja kunamarta, allon yana yin baƙi na ƙiftawar ido, sai farin murabba'i ya bayyana a inda agwagwar take, idon da ke bakin bindigar ya ga hasken. Sabon talabijin yana ɗan jinkirta hoto, saboda haka bindigar ba ta ganin komai a lokacin da ya kamata. Waɗannan akwatunan kuma su ne masu jari-bola suka fi farauta saboda tagullar da ke wuyansu.

Ana yawan tambayata me ya sa nake wannan wahala alhali ana iya buga wasannin nan a waya. Gaskiya ne ana iya wa wasu, kuma ina ganin amfanin haka, musamman da yake binciken da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 an riga an daina sayar da su a lokacin. Amma waya tana adana wasan ne kawai, ba ta adana abin da mutanenmu suka bari a jikin kayan.

A cikin damina wani abokin karatuna, wanda yanzu malamin firamare ne, ya kawo mini katin ajiya na PlayStation da ya tsinta a tsohuwar jakarsa, irin mai gidaje 15. Muka sa shi a na'ura, muka ɗora Winning Eleven, sai ga ƙungiyar da ya haɗa tun muna sakandare ta fito, ya sauya sunayen 'yan wasanta duka zuwa sunayen samarin layinsu. Ya matso kusa da talabijin yana bin su da yatsa, yana gaya wa ɗansa da ya zo tare da shi: wannan mai tsaron gida yana Yawuri yana sayar da kifi, wannan ya shiga soja, wannan lamba 9 Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa. Na ba katin lamba, na rubuta sunayen 11 a shafin da ke kallonta tare da abin da ya faɗa a kan kowanne, sannan na miƙa wa yaron hannu na biyu suka buga da mahaifinsa har aka kira sallar magariba.