Daƙiƙa uku bayan tambaya

Aikina zama ne a bayan aji. Nakan zagaya makarantun firamare na cikin Maradi da ƙauyukan kewaye, in samu gefen benci ko tabarma, in saurari darasi, in an tashi mu tattauna da malami. A wannan zama na gane cewa abin da ke raba malami da malami yakan ɓuya ne cikin ɗan lokacin da ke biyo bayan tambaya.

A farkon shekarun 1970, wata ƴar Amurka mai bincike, Mary Budd Rowe, ta naɗi muryoyin malamai a azuzuwa, ta auna tsawon shirun da suke bari bayan sun yi tambaya. Yawancinsu ba sa wuce daƙiƙa ɗaya. Da aka horar da su su jira daƙiƙa uku ko fiye, sai amsoshin yara suka yi tsawo, "ban sani ba" ya ragu, waɗanda ba sa buɗe baki suka fara magana. To yaranta da harshen gidansu ake koya musu. Ina ga namu? Yaro ya ji tambaya da Faransanci, ya juya ta zuwa Hausa a ransa, ya nemo amsa, ya sake laluben kalmar Faransanci. Kafin ya gama, ƴan layin gaba sun ƙyasta yatsu, "Mushe! Mushe!" (wato "Malam" da Faransanci), an ba ɗayansu, an wuce. Haka za a yi ta yi har shekara ta ƙare, shi kuwa na baya a ce ba ya ganewa. Gwajin PASEC na 2014, wanda ke auna karatun ƴan firamare a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, ya nuna cikin yara goma masu gama firamare a Nijar, ko ɗaya cikakke bai kai matakin karatun da ake buƙata ba. Dalilan suna da yawa, amma na tabbata wannan gaggawa tana ciki.

Akwai wata malamar aji uku da ke koyarwa a rumfar zana, yara sun cika ta har bakin ƙofa. In ta yi tambaya sai ta ajiye alli ta ce, "Kowa ya sauke hannu, a yi tunani tukuna." Ranar da na je, ta kira wata yarinya da ke takure a kusurwa, gefen farantin tallarta da ta kife. Yarinyar ta ba da amsa da Hausa, murya ƙasa ƙasa. Malamar ta ce, "Daidai ne, ƴata. Yanzu mu faɗe shi da Faransanci tare." Da muka fito ta gaya mini yarinyar sai ta zagaya da ƙuli-ƙulin mahaifiyarta kafin ta iso, shi ya sa ba ta tsayar da ita a waje in ta makara. Ta san wanda ke zuwa bai karya ba, ta san wanda zazzaɓi ya kwantar makon jiya. Wannan sani, a ganina, rabin koyarwa ne.

Bincike ma ya tsaya a bayanta. Kirabo Jackson, masanin tattalin arziki, ya bi bayanan ɗaliban jihar North Carolina ta Amurka a wani aiki da ya fito a 2018. Ya samu cewa malamin da ke rage fashin zuwa makaranta da dakatar da yara ya fi tasiri wajen sa ɗalibi ya kammala sakandare, fiye da wanda ke ɗaga makin jarrabawa kawai. Kuma ba lallai gwanin wannan ya zama gwanin wancan ba.

Sai dai shi ma malamin yana buƙatar wanda zai waiwaye shi. Wasu masu bincike biyu, Jenny Aker da Christopher Ksoll, sun gwada wani abu a nan ƙauyukan jihohin Maradi da Damagaram, cikin azuzuwan yaƙi da jahilci: kowane mako a buga wa malami waya, a buga wa mai gari da wasu ɗalibai, a tambayi yadda karatu ke tafiya. Ba a ƙara wa kowa ko dala ba a kan haka, amma ɗaliban waɗannan ƙauyuka sun fi sauran ci gaba a karatu da lissafi.

Wannan yakan dawo mini duk lokacin da na tarar da malamin kwantiragi shi kaɗai a ƙauye, albashi ya makara, littafi ɗaya yara da yawa na leƙe. A 2017 an yi wa malaman kwantiragi jarrabawa a faɗin ƙasa, kuma ban ga laifin auna ilimin mai koyarwa ba. Amma bayan an auna shi, ina so a samu wanda zai riƙa kiransa ranar Alhamis ya ce, "Malam, ina gajiya? Yara nawa suka zo makon nan, kuma wane darasi ne ya ƙi shiga?"