Kowane gini da irin lilonsa

Jiya cunkoso ya riƙe mu a kan gadar kogin Kaduna, wata tirela ta wuce ta ɗaya hannun sai muka ji gadar na ɗan rawa, wata dattijuwa a cikin keken namu ta hau salati. Nace Mama ki kwantar da hankalinki, haka aka yi ta, ba faɗuwa za ta yi ba.

Kun san yadda ake ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa kafin a saya ko, in ta tsage ƙararta sai ta mutu. To haka injiniyoyi ke yi wa bene, sai dai wa ke da hannun da zai ƙwanƙwasa hawa goma? Girgizar ƙasa ce ke yi musu aikin. Suna manna ƙananan na'urorin auna motsi a gindin ginin da tsakiya da can sama, in ƙasa ta motsa sai a gwada abin da ya shiga ta gindi da abin da saman ya yi, daga nan kwamfuta ta fitar da daƙiƙa nawa ginin ke ɗauka ya je ya dawo, da yadda yake lanƙwasawa, da saurin da lilon ke lafawa. A ƙiyasi dai raba yawan hawa da 10, wato mai hawa 10 kusan daƙiƙa ɗaya.

Kuma ba ƙaramar magana ba ce. A girgizar ƙasar 1985 a birnin Meziko, ƙasar wurin tsohon tafki ce mai laushi, ta riƙa kaɗawa kusan duk daƙiƙa 2, sai benaye masu hawa 6 zuwa 15 suka fi shan kashi, don bugun ya zo kusa da nasu, kamar ka riƙa tura yaro a lilo daidai lokacin da ya dawo.

Wanda ya fi burge ni shi ne laburaren jami'ar Caltech a Amurka mai hawa 9, bayan girgizar ƙasar da aka yi a yankin a 1971 aka auna aka ga lilonsa ya ƙara jinkiri, alamar ya yi sako-sako kenan. Wallahi har ruwan sama mai yawa na ɗan canza masa lissafi.

Kar wani yace ina ruwanmu, a Satumbar 2016 ƙasa ta motsa a Kwoi nan jihar tamu ta Kaduna har bangaye suka tsage. Kuma ba sai an jira girgiza ba ma, motsin tirelolin nan ya isa a auna gada.

Mama dai bata yarda dani ba, har muka sauka tana salati.