Daga Zariya Zuwa Dutsen Kamaru

Wani abokina da muke koyarwa tare a Samaru ne ya ja ni wannan tafiya, tun kafin rikicin yankin masu magana da Turanci na Kamaru ya ɓarke. Mota muka hau daga Zariya har Kalaba, daga nan jirgin ruwa ya sauke mu a Limbe. Yashin bakin tekun garin baƙi ne wuluk, domin dutsen da ya tokare bayansa mai aman wuta ne, tsayinsa ya haura mita 4,000.

Daga Buea, garin da ke gindin dutsen, ake fara hawa, kuma ba a shiga sai da ɗan jagora. Wani mai tsire Bahaushe da muka ci abinci wurinsa ya dubi takalmana ya ce, "Malam, da waɗannan za ka hau? To, Allah ya tsare." Ni kuwa ina taƙama da cewa tun ina yaro nake hawan Kufena. Ashe Kufena matakalar soro ce kawai.

Da farko gonaki ne, sai daji mai duhu, ganye na ɗigar da ruwa ko ba a ruwan sama. Birai muka riƙa jin kukansu ba mu gan su ba. Jagoranmu ya ce giwaye suna can ɓangaren da ke fuskantar teku, kuma ba su son hayaniyar mutane. Can sama bishiyoyi suka ƙare tashi ɗaya, sai ciyawa da baƙaƙen duwatsu masu kaifi, ga sanyin da ya fi na tsakiyar hunturu. A ta biyu cikin bukkokin da aka gina wa masu hawa muka kwana, muka yi alwala da ruwa mai yankan hannu. Washegari numfashi ya riƙa yi mana gardama, amma da ikon Allah muka kai ƙoli.

Hirar jagoran ta fi tsaya mini a rai. Ɗan ƙabilar Bakweri ne, kuma duk inda muka zauna hutawa sai ya koma kan zancen ƙasa. A 1891 kakanninsa, ƙarƙashin shugabansu Kuva Likenye, suka kori rundunar Jamusawa daga Buea, har kwamandanta Gravenreuth ya mutu. Jamusawan suka dawo a 1894 suka ci garin, suka ƙwace ƙasar noma mai albarka da ke gindin dutsen suka mai da ita manyan gonaki, daga baya ma suka dawo da hedikwatarsu Buea saboda sanyinta. Gidan gwamnansu yana nan har yau. Gonakin kuma ba su koma hannun masu su ba, kamfanin gwamnati na CDC ke noman ayaba da roba da kwakwar manja a kai. Yana faɗa yana nuna su da sanda daga sama, ba ɗaga murya.

Da muka sauko sai muka bi hanyar Idenau zuwa Bakingili, inda narkakken dutsen aman 1999 ya gangaro ya datse titi. Gaba kaɗan Debundscha take, wadda ke samun ruwan sama kusan milimita 10,000 a shekara, ninki tara ko goma na abin da Zariya ke samu. Biran da daji ya ɓoye mana kuwa, a cibiyar kula da namun daji ta Limbe muka gan su, goggon biri da sauransu, yawancinsu marayu ne da aka ƙwato daga hannun mafarauta da masu fataucinsu.